Ƙullin da Ke Bakin MYC: Yadda Furotin Ke Kama DNA Su Juya Akalar Ciwon Daji

A shekarar 1958 wani likitan tiyata ɗan Ayalan mai suna Denis Burkitt, da ke aiki a Kamfala ta ƙasar Yuganda, ya wallafa bayanin wata irin sankara da ke kumbura muƙamuƙin yara cikin saurin da ke tayar da hankali. Sai da aka kai 1982 kafin a gano ainihin abin da ke faruwa a cikin ƙwayoyin halittar waɗannan yara. Wata ƙwayar gado (sashen DNA mai ɗauke da umarnin ƙera furotin) da ake kira MYC, wadda mazauninta na asali ke kan kuromosom na 8 (kuromosom dunƙule ne na zaren DNA), ta ɓalle ta koma, galibi kan kuromosom na 14, ta zauna kusa da sashen da ke sarrafa sinadaran garkuwar jiki. Shi kuwa wannan sashe, a ƙwayoyin jinin da wannan sankara ke tasowa daga cikinsu, ba dare ba rana aiki yake yi. MYC ta shiga unguwar da ba a hutawa, ita ma ta daina hutawa, ta dinga ba ƙwayar halitta umarnin ta rabu gida biyu, ta sake rabuwa, babu tsayawa.

Abin lura a nan shi ne ba sai saƙon MYC ya gurɓata ba kafin ɓarna ta auku. Ko da haruffanta suna nan lafiya lau, ya isa a yawaita karanta ta. Yawancinmu idan an ce ciwon daji, lalacewar haruffan DNA ce kawai ke zuwa mana a rai, alhali rabin labarin yana wajen tambayar wa ke yanke hukuncin a karanta wace ƙwayar gado, yaushe, kuma sau nawa.

Furotin ne ke yanke wannan hukunci, kuma a bakin MYC wani ƙulli da zaren DNA ke yi, wanda ake kira G4, na cikin abubuwan da suke kamawa. Cikin cibiyar kusan kowace ƙwayar halittar mutum akwai zaren DNA da tsawonsa ya kai kusan mita 2 idan aka miƙe shi, mai ɗauke da haruffa kusan biliyan 3 daga uwa da wasu biliyan 3 daga uba. Haruffan iri huɗu ne kacal: A, T, G da C. Zaren tufka biyu ne, A na riƙe da T, G na riƙe da C, yadda Watson da Crick suka zayyana a 1953 bisa hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin. Ƙwayoyin gado masu samar da furotin kusan 20,000 ne, kuma iri ɗaya ne a hanta da ƙwaƙwalwa da fata. Abin da ya bambanta hanta da fata shi ne waɗanda aka buɗe da waɗanda aka rufe. Gaban kowace ƙwayar gado akwai wani ɗan fili, mashigarta, inda injin da ke kwafe saƙon DNA zuwa RNA, kwafin da ake ƙera furotin da shi, ke sauka ya fara aiki. Akwai kuma furotin kusan 1,600 a jikin mutum da aikinsu shi ne su zauna a irin waɗannan wurare, wasu su kira injin, wasu su hana shi sauka.

Hanyar farko da waɗannan furotin ke gane wurin zamansu ita ce ta haruffa. Ba sa buɗe zaren. Tufkar DNA tana da kwari biyu da ke zagaye da ita, babba da ƙarami, kuma gefen kowane harafi yana leƙowa ta cikin babban kwarin. Furotin kan cusa wani ɓangare nasa ciki, ya shafa gefunan, idan jerin ya dace da shi sai ya kama. Furotin da MYC ke samarwa ma haka yake yi: yana haɗa kai da abokinsa MAX, su biyun su matse zaren a duk inda suka tarar da CACGTG, daga nan su kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado na girma da rarrabuwa.

Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai furotin p53, wanda aka gano a 1979. Shi guda huɗu ne ke haɗuwa su kama zaren tare. Idan DNA ya samu rauni, p53 na taruwa, ya zauna a mashigar ƙwayoyin gadon da ke dakatar da rarrabuwa har a yi gyara, in kuma gyaran ya gagara ya umarci ƙwayar halittar ta kashe kanta. Kusan rabin dukkan cututtukan daji na mutane suna ɗauke da p53 da ya lalace. Da aka ga hoton ƙirarsa a 1994, sai ya bayyana cewa lalacewar ba ko'ina take faɗawa ba. Furotin ɗin yana da tubala 393, amma ɓarnar ta fi taruwa a 'yan wurare ƙalilan, musamman na 248 da na 273, kuma su ne daidai wuraren da ke taɓa DNA. Furotin yana nan, bai ɓace ba, riƙonsa ne kawai ya saki.

Wani lokacin kuma kishiyar haka ce: riƙo ya samu inda bai kamata ba. A 2013 masu bincike a Boston da Heidelberg suka gano cewa a yawancin sankarar fata mai suna melanoma, harafi ɗaya tak ya sauya daga C zuwa T a mashigar TERT, ƙwayar gadon da ke hana ƙarshen kuromosom zaizayewa. Yawancin ƙwayoyin halittar jikin babban mutum kan rufe TERT, shi ya sa suke tsufa su daina rarrabuwa. Wannan sauyi na harafi ɗaya ya ƙirƙiro wurin zama sabo ga wani furotin da aka tabbatar a 2015 cewa GABP ne. Ya zauna, TERT ta buɗe, ƙwayar sankara ta samu damar rarrabuwa ba iyaka.

Duk wannan karatun haruffa ne. Hanya ta biyu, wadda a ganina ita ce ta fi cancantar a daɗe a kanta, ita ce karatun siffa.

Ɗauki igiya mai tufka biyu, a ɗaure bakinta duka biyun, ka cusa yatsa tsakanin tufkar ka tura gaba. Gabanka igiyar za ta ƙara murɗewa ta yi tauri, bayanka kuma ta saki, silin biyu su rabu da juna. Abin da injin kwafi ke yi wa DNA ke nan, kuma Leroy Liu da James Wang ne suka bayyana shi a 1987. Mashigar ƙwayar gado tana bayan injin, don haka duk lokacin da karatu ya yi yawa, nan ne tufkar ke saki. Sili ɗaya da ya rabu da ɗan'uwansa ba ya zama a miƙe. Yakan naɗe a kan kansa, kuma idan yana da G masu yawa a jere, naɗin yakan ba da wani ƙulli na musamman.

Ga yadda ƙullin yake idan aka matso kusa. G guda huɗu sukan kwanta a shimfiɗe su yi murabba'i, kowanne yana riƙe da maƙwabtansa biyu, a bar ɗan rami a tsakiya. Irin wannan murabba'i sai ya hau kan wani, yawanci hawa uku, kuma tsakanin kowane hawa biyu ƙwayar fotasiyam guda ta zauna a ramin ta daidaita ginin. Fotasiyam kuwa shi ya fi yawa cikin ire-irensa a ruwan da ke cikin ƙwayar halitta, wato yanayin cikin jiki ya dace da ƙullin sosai. Haruffan da ke tsakanin jerin G ɗin, waɗanda ba su shiga murabba'in ba, sukan fito waje su yi lanƙwasa. Wannan ƙulli shi ake kira G4. Tun 1910 Ivar Bang ya lura cewa sinadarin G idan ya yi kauri a ruwa yakan daskare, a 1962 Martin Gellert da abokan aikinsa suka gano murabba'in ne sanadi, a 1988 kuma Dipankar Sen da Walter Gilbert suka nuna cewa jerin DNA na halittu masu rai na iya yin sa. Duk da haka shekaru da dama mutane da yawa na ɗaukarsa a matsayin abin kwalbar gwaji kawai.

A mashigar MYC akwai wani yanki mai haruffa 27: TGGGGAGGGTGGGGAGGGTGGGGAAGG. Duba shi da kyau za ka ga jerin G dogaye guda biyar, alhali huɗu ƙullin ke bukata. Saboda haka yankin na iya ƙulluwa ta hanya fiye da ɗaya, gwargwadon jeri huɗun da aka ɗauka, kuma kowace hanya na ba da lanƙwasa masu tsawo daban. Cynthia Burrows ta Jami'ar Utah ta kawo hujjar cewa jeri na biyar na iya maye gurbin wani idan iskar oksijin ta lalata G ɗinsa, domin G ne harafin da ya fi saurin kamuwa da irin wannan lahani.

A 2002 ɗakin binciken Laurence Hurley a Arizona ya fitar da sakamakon da ya buɗe wannan fage. Sun ɗauki mashigar MYC suka ɗora a kan ɗan guntun DNA na gwaji, suka sauya G ɗaya zuwa A don ƙullin ya kasa tsayuwa, sai karatu ya ninka kusan sau uku. Da suka zuba wani sinadari mai suna TMPyP4 da ke manne wa ƙullin ya ƙara masa ƙarfi, sai karatu ya ragu. Fassarar ta zo da sauƙi: ƙullin shinge ne, idan ya tsaya MYC ta yi shiru. Tun da MYC tana da hannu a fiye da rabin cututtukan daji, kuma furotin ɗinta ya gagari masu haɗa magani saboda ba shi da tsayayyar siffa ko wani rami da magani zai shiga, sai fata ya tashi cewa a bar furotin ɗin, a je a toshe shi tun daga tushe.

Daga nan aka shiga gano furotin da ke hulɗa da wannan ɗan yanki, kuma suna da yawa. Idan zaren na tufke yadda aka saba, SP1 na iya zama a kansa. Idan ya rabu, CNBP na kama silin G, hnRNP K na kama silin C da ke fuskantarsa, duka biyun suna ƙarfafa karatu. Idan silin G ya ƙulle, wani furotin mai suna nukliyolin na rungumarsa ya hana shi warwarewa, kuma a gwajin da aka wallafa a 2009 wannan ya rage aikin mashigar. Shi ma silin C yana da nasa ƙullin daban, wanda aka fara gani a kwalba a 1993, aka kuma gan shi a cikin ƙwayoyin halittar mutum a 2018 a Cibiyar Garvan da ke Sidni. Haruffa 27 ne dai ba su canza ba, amma siffa uku ko huɗu suke iya ɗauka, kuma kowace siffa da irin furotin da take kira.

Sai dai tambaya ta kasance: shin ƙullin yana samuwa a cikin rayayyar ƙwayar halitta, inda DNA ke naɗe a jikin furotin histon, haruffa 147 a kowane naɗi? Lissafin kwamfuta na 2005 ya nuna wurare kusan 376,000 a DNA ɗin mutum da za su iya ƙulluwa, wani lissafi na 2007 kuma ya nuna fiye da kashi 40 cikin ɗari na mashigan ƙwayoyin gado na da aƙalla ɗaya. Amma iyawa daban, yi daban. A 2013 ɗakin binciken Shankar Balasubramanian a Kambirij ya ƙera wani furotin garkuwa mai suna BG4 wanda ba ya kama komai sai G4, aka sa masa alama mai haske. Da aka duba ta madubin ƙara girma sai ga ɗige-ɗige suna ƙyalli a cibiyar ƙwayoyin halittar mutum, kuma suna ƙaruwa a lokacin da ƙwayar ke kwafe DNA ɗinta gab da rabuwa. A 2016 suka yi taswirar wuraren. A wasu ƙwayoyin fata da ke rarrabuwa ba iyaka an samu ƙulli kusan 10,000, a ƙwayoyin fata na yau da kullum kuwa adadin bai kai ko kusa da haka ba. Wato cikin dubban ɗaruruwan wuraren da za su iya, 'yan kaɗan ne ke ƙulluwa a kowane lokaci, kuma nau'in ƙwayar halitta ne ke zaɓa.

Taswirar ta zo da abin da ya girgiza tsohuwar fassara. Da ƙullin shinge ne, da a bakin rufaffun ƙwayoyin gado za a same shi. Sai aka same shi a bakin waɗanda aka fi karantawa, inda histon suka matsa gefe, har da MYC ɗin kanta. A 2021 aka nuna cewa furotin masu yawa da aka san su da karatun haruffa, SP2 na cikinsu, suna kama G4 kai tsaye da ƙarfin da ya yi daidai da yadda suke kama jerin haruffansu. Gwajin da ya fi gamsar da ni ya zo a 2024, daga wannan ɗakin bincike na Kambirij. Maimakon guntun DNA na gwaji, sun yi amfani da fasahar CRISPR, wadda ake gyara haruffan DNA da ita, suka sauya haruffan a ainihin mazaunin MYC cikin ƙwayar halitta, yadda ƙullin ba zai iya samuwa ba. Karatun da ke farawa daga wannan mashiga ya faɗi, furotin irin su SP1 da CNBP suka rage zama, histon suka mamaye wurin. Sannan suka ɗauko jerin haruffa daban, na ƙullin da ke mashigar wata ƙwayar gado mai suna KRAS, suka dasa a gurbin. Ƙulli ya dawo, karatu ya dawo. Haruffan ba na MYC ba ne, siffar ce kawai iri ɗaya, kuma ita ce furotin suka amsa wa.

To gwajin 2002 kuskure ne? Ban ɗauke shi haka ba. Guntun DNA na gwaji ba shi da irin murɗewa da naɗin histon da ke mazauni na ainihi, don haka amsar da ya bayar ta yanayinsa ce. Batun sinadarin da ya rage karatu kuwa yana da wata fassara da ta dace da sakamakon duka biyu: idan sinadari ya kwanta a saman ƙullin, ya tare wurin da furotin masu kunnawa za su kama, sai karatu ya ragu, ba don ƙullin shinge ba ne, sai don an kore masu zama a kansa. Nukliyolin ma zai iya rage karatu ta wannan hanya. Abin da na fahimta daga tarin waɗannan gwaje-gwaje shi ne ƙullin a karan kansa ba ya kunnawa kuma ba ya kashewa. Wurin kamawa ne, kuma hukunci na hannun furotin da ya riga sauran kama shi. A ƙwayar sankara, inda karatu ya yi yawa, tufka ta yi ta saki, ƙulli ya yawaita, yawan wasu furotin ma ya sauya, wannan gasa ce ke karkata.

Ƙullin yana da amfani, amma yana da haɗari idan ya daɗe. Lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu, dole a kwafe zaren gaba ɗaya, kuma injin kwafin DNA na cijewa idan ya ci karo da G4 da ba a warware ba. Akwai furotin da aikinsu ke nan, su bi zaren suna kwance ƙulli: BLM, WRN, FANCJ, PIF1, DHX36. A 2018 aka samu hoton DHX36 riƙe da ƙullin MYC, ya dafa saman murabba'in da wani ɓangare nasa yana jan silin harafi ɗaya bayan ɗaya. Muhimmancinsu ya fi fitowa a jikin waɗanda aka haifa ba tare da su ba. Masu lalatacciyar BLM na fama da cutar Bloom, ba sa girma sosai kuma sankara iri-iri na kama su tun suna ƙanana. Masu lalatacciyar WRN na tsufa da wuri, su ma sankara na yawan kama su. Waɗannan furotin suna da wasu ayyukan gyaran DNA ban da kwance G4, don haka ba za a ɗora wa ƙulli dukkan laifin ba. Amma a wata 'yar tsutsa da ake gwaji da ita, da aka cire takwaran FANCJ, sai DNA ɗinta ya riƙa gutsurewa daidai a wuraren da G suka yi dogon jeri.

Wannan haɗari shi masu neman magani suka juya ya zama makami. Ƙwayoyin sankarar da suka rasa BRCA1 ko BRCA2, furotin masu gyaran DNA, kamar wasu na mama da na ƙwan mace, ba sa iya gyara zaren da ya karye gida biyu yadda ya kamata. Idan aka ba su sinadarin da ke daskarar da G4, injin kwafi ya cije, zare ya karye, su mutu, lafiyayyun ƙwayoyi kuma su gyara nasu su wuce. A 2017 masu bincike a Kanada suka nuna cewa wani magani na gwaji mai suna CX-5461 na yin haka, kuma sakamakon gwajin matakin farko a kan marasa lafiya da aka wallafa a 2022 ya nuna ƙari ya ragu a jikin wasu, galibi masu irin wannan naƙasu na gyara. Illar da ta fi fitowa ita ce fata ta kasa jure hasken rana. Amma bincike na baya ya nuna maganin yana kuma tare wani furotin mai sassauta murɗewar DNA, sannan wata tawaga a Kambirij ta nuna yana haddasa sauyin haruffa masu ɗimbin yawa a ƙwayoyin halittar mutum da aka gwada a ɗakin bincike. Wannan gargaɗi ne mai nauyi da bai kamata a wuce shi da sauri ba, musamman ga mara lafiyar da ake fatan zai rayu shekaru bayan jinya. Wanda ya riga shi shiga gwaji, CX-3543, ya kai mataki na biyu ya tsaya. Har zuwa 2024 babu maganin da aka amince da shi don yana kama G4.

Matsalar a fili take. Saman murabba'in G iri ɗaya ne a ƙullin MYC da na KRAS da na ƙarshen kuromosom da na dubban ƙwayoyin gadon da lafiyayyen jiki ke bukata kullum, kuma yawancin sinadaran da aka ƙera a nan saman suke kwanciya. Ba su da yadda za su bambance wannan da wancan. Furotin kuwa suna bambancewa, kuma yadda suke yi ya fara bayyana. A 2025 ɗakin binciken Danzhou Yang a Jami'ar Purdue ya wallafa hoton nukliyolin riƙe da ƙullin MYC. Sassansa huɗu masu kama zare duk suna da hannu a riƙon, kuma abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne lanƙwasan da ke fitowa waje da haruffan gefe yake kamawa, ya kuma fi son naɗin da ke da doguwar lanƙwasa a tsakiya. Lanƙwasan nan su ne ke bambanta daga ƙulli zuwa ƙulli, a tsawo da kuma haruffan da ke cikinsu. Sinadarin da zai gane ƙullin MYC shi kaɗai sai ya taɓa su, ko kuma ya shiga daidai inda nukliyolin da DNA suka haɗu, ya ƙara wa riƙon ƙarfi yadda CNBP da SP1 ba za su samu wurin zama ba.